Kirsimeti a tsakiyar bazara: wai sai da sanyi biki ke cika?

Maman Tagwaye, Adeled:
Salama gare ku 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya, ina so mu tattauna. Mun yi waya da yayana da ke Kafanchan, ina ba shi labarin shirin Kirsimetinmu a nan Ostareliya, na ce masa ana sa ran zafi mai tsanani a makon. Sai ya ce ai mu ba Kirsimeti za mu yi ba, hutu kawai za mu ci, don Kirsimetin da ba hazo ba rawar ɗari da asuba bai amsa sunansa ba. Maganar ta taɓa ni. A nan Disamba ce farkon bazara. Rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare, yara suna dogon hutu har ƙarshen Janairu, kowa na yawo da gajeren wando da silifas. Duk da haka in ka shiga babban kanti za ka tarar da bishiyar roba an yayyafa mata farin abu a matsayin dusar ƙanƙara, ga wani bawan Allah cikin jar riga mai kauri da gemun auduga yana ɗaukar hoto da yara. Tambayata biyu ce. Shin sanyi na cikin abin da ke cika wannan biki? Sannan mu da ke ƙasashen zafi, me ya sa muke riƙe da adon ƙasashen sanyi?

Ɗan Jos:
Yaya, ni ina bayan yayanki ɗari bisa ɗari. Ba dusar ƙanƙara nake nufi ba, ni ma ban taɓa ganinta da idona ba. Hunturu nake nufi. Daren 24 ga wata mata sun hura wuta a tsakar gida ana suyar nama da cincin, yara sun kewaye murhu suna jin ɗumi, kowa ya shafa basilin leɓe na ƙyalli. Da safe a tafi sujada hannu cikin aljihun suwaita. In aka cire mini wannan, rabin bikin ya tafi.

Ƙanwar Kowa:
Don Allah ku yi haƙuri in katse ku. Ta yaya ake zafi a Disamba? Ko sun fi mu kusa da rana ne?

Malam Mai Taswira, Katsina:
Ƙanwata, tambaya ce mai kyau, ɗalibaina ma suna yinta duk shekara. Ba kusanci ba ne. Hasali ma a farkon Janairu ne duniya baki ɗaya ta fi kusantar rana, kuma a lokacin ne Turai ke daskarewa. Abin da ke faruwa shi ne duniya a karkace take juyawa, karkata ta kusan digiri 23 da rabi. A Disamba rabinta na kudu ne ke fuskantar rana, na arewa kuma ya kau da kai. Kamar mutum ne a bakin wuta: gefen da ya juya wa wutar shi ke jin zafi, bayansa na shan iska. Shi ya sa wajen 21 ko 22 ga Disamba Ostareliya da Afirka ta Kudu da Ajantina ke samun yini mafi tsawo a shekara, Ingila kuma mafi gajarta. Mu muna arewa da tsakiyar duniya amma ba da nisa ba, don haka namu sanyin daban ne. Busasshiyar iska ce ke taso mana daga Sahara, kuma yawancin ƙurar hazon nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tashi. Ko a Najeriya ma wanda ya yi Kirsimeti a Legas ko Fatakwal gumi yake sha.

Ƙanwar Kowa:
Na gode Malam, yau na gane.

Dattijon Wusasa:
'Ya'yana, bari in sa baki. Ku buɗe Luka sura 2. An ce akwai makiyaya a filin Allah suna tsaron garkensu da dare, an ce an kwantar da jaririn a komin dabbobi. Ba a faɗi wata ba, ba a faɗi rana ba, ba a ambaci sanyi ko zafi ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a 25 ga Disamba daga birnin Rum yake, na shekara ta 336. Har gobe 'yan uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. Saboda haka ɗiyata, ki kwantar da hankalinki, a wajen bangaskiya Kirsimetinki cikakke ne ko da kwalta na narkewa a ƙofar gidanki.

Amma zan ba Ɗan Jos gaskiyarsa a wuri guda, ko da yake ina ganin ya ɗora ta a kan abin da ba shi ba. Abin da ya sa Kirsimeti ke da armashi a wajenmu ba sanyin ba ne, kaka ce. Lokacin an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, an casa sabuwar shinkafa, acca da doya sun samu, manomi ya sayar da ɗan abin da zai sayar yana da kuɗin ɗinka wa yara kaya. Hanya ta bushe, ba ruwan sama, na birni na iya zuwa ƙauye. Da a watan Agusta bikin ke faɗowa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana jiran sabon hatsi, da ba haka za mu riƙa tunawa da shi ba.

Ɗan Jos:
Baba, na karɓi maganar kaka. Amma kaka da hunturu ai tare suke zuwa, ban ga yadda za a raba su ba.

Maman Tagwaye, Adeled:
Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar kakar nan ta buɗe mini ido, don a nan ma lokacin amfani ne. Manoman jiharmu suna girbin alkama a Nuwamba da Disamba, kuma mangwaro da kankana da wani ɗan jan 'ya'yan itace da ake kira ceri sun cika kasuwa. Da wuya ka shiga gida ranar Kirsimeti ba ka ga kwanon ceri a tebur ba.

Bari in ba ku yadda suke yi. Tsofaffinsu, waɗanda kakanninsu suka zo daga Ingila, har yanzu wasu na dagewa sai an gasa talotalo a oba da tsakar rana, a ci da zafinsa ana share gumi. Amma da yawa sun sauya. Abincin sanyi ake ci: jatan lande da aka dafa aka sa a ƙanƙara, yankakken nama mai sanyi, salak, sai wani kayan zaƙi da ake yi da farin ƙwai da sukari a jera masa 'ya'yan itace a kai, sunansa pavlova, wanda su da mutanen Niyu Zilan har yau kowa ke cewa nasa ne. Kasuwar kifi ta Sidni takan buɗe awa 36 ba rufewa kafin Kirsimeti saboda cunkoson masu sayen jatan lande.

Abin da ya fi burge ni shi ne waƙoƙin kyandir. A birnin Melbon aka fara a 1938, wani ma'aikacin rediyo mai suna Norman Banks ne ya kawo shawarar, yanzu kusan kowace unguwa na yin nata. Ba a cikin coci ake yi ba. Filin ciyawa ake fita da yamma, kowane iyali ya shimfiɗa bargo ya buɗe kular abinci, a jira duhu ya shiga, sannan a kunna kyandir a yi ta waƙoƙin haihuwar Almasihu. Bara wata tsohuwa da ke zaune kusa da mu ta ga iska na kashe wa ɗaya daga cikin tagwayena kyandir, sai ta huda ƙasan kofin takarda ta zura kyandir ɗin ciki ta miƙa masa. Wannan taro zafin ne ya haife shi, don a Landan ba mai zama a ciyawa da daren Disamba. Washegarin Kirsimeti kuma, 26 ga wata, maza sun tattara hankalinsu kan wasan kurket na Melbon da tseren jiragen ruwa daga Sidni zuwa Hobat, wanda ake yi tun 1945.

Bakano a Johannesbag:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne amma ina kasuwanci a nan, kuma Disamba ba ta wuce kowa a Afirka ta Kudu. Daga 16 ga wata, wadda ranar hutu ce ta sasantawa, masu gine-gine da masana'antu da yawa suke rufewa sai Janairu. Garin nan sai ya zama fayau. Motoci cike da buhunan kaya da katifu da bokitai suna ta fita, wasu zuwa Limpopo, wasu Gabashin Kef, 'yan Zimbabuwe kuma su yi dogon layi a iyakar Beitbridge. Wanda ke da hali ya nufi bakin teku a Durban. A nan lokacin damina ne kuma lokacin zafi, rana ta ƙwalle da hantsi, da la'asar hadari ya haɗo da tsawa.

Abin da na lura da shi shi ne baƙaƙen fatar ƙasar nan ba su damu da dusar ƙanƙara ba ko kaɗan. Damuwarsu uku ce: a je gida, a saya wa yara sababbin kaya, a ci nama. Gashin nama a waje, wanda suke kira braai, shi ne sarkin biki. Akwai kuma farantin da suke kira mai launi bakwai, shinkafa da nama da kabewa da ganye da jan gwoza da sauransu, kowanne da launinsa. Maƙwabciyata takan aiko mini da shi, kuma ta san ba na cin alade, tukunya daban take yi mini da kazar da ta saya a shagon halal. Ban taɓa jin ta ce bikinta ya ragu don ana zafi ba.

Hajiya Uwar Marayu:
Ni abin da ya ba ni mamaki a muhawarar nan, mu Sallarmu ai yawo take. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, cikin shekara 33 ta zagaye duk yanayin shekara. Na yi Sallar da ruwa ya kore mu daga filin idi, na yi wadda yara suka sa rigar sanyi a kan sabon ɗinki, na yi azumi a zafin Afrilu. Ban taɓa jin wanda ya ce Sallar bana ba Sallah ba ce don ba hazo. Maman Tagwaye, ki yi bikinki, Allah ya raya mana yaran.

Ɗan Jos:
Hajiya, da girmamawa, ai nan bambancin yake. Taku tana yawo, shi ya sa ba ta haɗu da yanayi ɗaya a zuciyarku ba. Tamu a tsaye take wuri guda. Tun ina goye Kirsimeti da hazo tare nake ganinsu, shekara bayan shekara. Ko a watan Nuwamba na shaƙi ƙurar farko, waƙoƙin kwaya ne ke faɗo mini a rai. Ba zan iya cewa wannan ba komai ba ne.

Hajiya Uwar Marayu:
Wannan kuma gaskiya ne ɗana, ban kalle shi ta nan ba.

Ɗalibi a Sawo Paulo:
Gaisuwa ga manya. A Brazil daren 24 ne babban lokaci, ba yinin 25 ba. Iyali su taru, a jira sha biyun dare, sannan a ci abinci a buɗe kyaututtuka, masu zuwa coci su je sujadar dare. Ina ganin zafin ma na taimaka wa hakan, don da dare ne jiki ke karɓar abinci mai nauyi. A teburinsu akwai farofa, garin rogo ne ake soyawa da man shanu da albasa, sai shinkafa da zabibi, sai rabanada, burodin da ake tsomawa a madara da ƙwai a soya a barbaɗa sukari da kirfa. Kuma doka ce tun 1962 a biya ma'aikaci albashin wata na 13 a ƙarshen shekara, shi ya sa kasuwa ke cika. Amma Maman Tagwaye, batun adon sanyi har nan ya zo. Akwai wani gari a kudu, Gramado, da ke tara ɗimbin masu yawon buɗe ido da bikin fitilu, har da injin da ke feso dusar ƙanƙara ta bogi a kan mutanen da ke sanye da singileti.

Anti Mai Kwaya, Kafanchan:
Yawwa, an zo inda nake jira. Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma ba sai an je Brazil ba. A makarantar Lahadi na ce wa yara su zana Kirsimeti. Kusan dukansu bishiya mai tsini suka zana, da farin ɗigo-ɗigo na zubowa daga sama, da barewa na jan keke. Ba wanda ya zana rumbu, ba wanda ya zana akuyar da aka ɗaure a gidansu, ba wanda ya zana iyayensa mata 'yan Zumunta da ankonsu suna kaɗa tulu da caki. Na koma gida raina a jagule. Yaron da aka koya wa cewa ainihin bikin yana wata ƙasa mai ƙanƙara, namu kwaikwayo ne, me muka dasa masa? Sannan a ɗauki saurayi a cusa shi cikin rigar Fada Kirsimeti da hular ulu da tsakar rana, ƙananan yara na ganinsa suna tsala ihu don tsoro. Wa aka yi wa wannan?

Mai Shagon Ado, Sabon Gari:
Anti, a yi mana adalci. Ni wannan kaya nake sayarwa, kuma da cinikin Disamba nake biyan kuɗin makarantar yarana na zango na biyu. Ban taɓa tilasta wa kowa ba, iyaye ne ke zuwa da ƙafarsu saboda yara na so. Ki ga fuskar yaro lokacin da aka kunna fitilun nan masu walƙiya a falo. Shinkafar da muke ci ranar Kirsimeti da kek da lemon kwalba, su ma ai ba kakanninmu suka bar mana su a matsayin abincin biki ba. Abu in ya zo ya zauna, ya zama namu.

Anti Mai Kwaya, Kafanchan:
Ɗan uwa, ba da abincinka nake faɗa ba, Allah ya sa albarka a kasuwa. Fitilu ba ni da matsala da su, haske haske ne a ko'ina. Shinkafa kuma muna nomawa muna ci. Audugar da ake mannawa a taga a ce ƙanƙara ce, ita nake magana. Ita ba a ci, ba a sha, ba ta cikin Littafi, ba ta cikin ƙasarmu. Ranar godiyar kaka muna cika gaban coci da zangarniyar dawa da damin gero da rake da ganyen dabino, kowa ya ce ya yi kyau. Me ya hana a bar su har Kirsimeti?

Maman Tagwaye, Adeled:
Anti, mutanen Niyu Zilan sun yi abin da kike faɗa. Suna da wata bishiya ta bakin teku, pohutukawa, da ke fitar da jan fure a Disamba, ita suka ɗauka bishiyar Kirsimetinsu, tana kan katunansu. Amma don kada in ɓoye wa Ɗan Jos abin da zai ƙarfafa shi: a nan akwai masu yin wani Kirsimeti na biyu a watan Yuli, tsakiyar sanyinsu, musamman a otal-otal na Tsaunukan Bulu da ke yamma da Sidni. Su hura wuta, su gasa talotalo, su ci abinci mai zafi.

Ɗan Jos:
Kun ji ko! Su da aka haifa a can ma jikinsu na neman sanyin.

Malam Mai Taswira, Katsina:
Ko kuma kakanninsu ne suka bar musu kewar Ingila. Bakano ya gaya mana Bazulu ba ya wannan kewar.

Maman Tagwaye, Adeled:
Akwai ɓangaren da ban faɗa ba, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi na fi gani. Zafin nan ba ado ba ne, yana kisa. A Janairun 2019 garin nan ya kai digiri 46.6. Ranar 20 ga Disamban wannan shekarar gobarar daji ta tashi a tsaunukan da ke bayan gari, ta cinye gidaje fiye da 80, mutane suka yi Kirsimeti a gidajen 'yan uwa da kayan jikinsu kawai. Tsofaffi a nan har yau suna maganar guguwar Tracy da ta rushe birnin Darwin a daren Kirsimetin 1974, ta kashe mutum fiye da 60. In hukuma ta ayyana ranar hana kunna wuta, ba ka isa ka hura gawayi a waje ba, ko da ka riga ka yanka naman suya ka barbaɗa yaji. A asibiti kuma muna karɓar tsofaffin da ruwan jikinsu ya ƙare, da waɗanda suka ci abincin da ya yini a rana. Baƙi irinmu kuma teku ke ci, don ba mu san igiyar ruwa ba. In kun zo, tsakanin tutoci masu ja da rawaya kawai ake wanka, nan ne masu ceto ke tsaro.

Ni dai da na zauna na auna, ba hazon nake kewa ba. Ranar 25 titinmu shiru yake, kantuna a rufe, kowa na bayan katangarsa da iyalinsa. Ba yaran da za su shigo da sabon ɗinki suna barka da Kirsimeti a ba su alewa da 'yan canji. Ba tiren shinkafa da za a ɗora wa yarinya a ka a ce kai gidan Alhaji, kai gidan Maman Ladi, a dawo da kwano da tukwici a ciki. Shekarar farko na zuba dafa-duka a kula na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcina, dattijo ne da ke zaune shi kaɗai. Ya daɗe yana kallon kular kafin ya karɓa, ya tambaye ni nawa zai biya. Yanzu shi ke fara kawo mana ceri tun ana saura kwana biyu.

Dattijon Wusasa:
Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Kada ki fasa kai masa.

Bakano a Johannesbag:
Shawara kan abincin, Maman Tagwaye: mu a nan da asuba ake dafa shinkafar taro, salak kuma ba a zuba masa mayonis sai an zo ci. A daskarar da robobin ruwa a jera a ƙasan kula, sun fi ƙanƙarar leda daɗewa, in sun narke kuma a sha.

Maman Tagwaye, Adeled:
Na gode ƙwarai, zan gaya wa matan. Bana mun yanke shawara mu 'yan Najeriya za mu haɗu a wani lambu mai manyan itatuwa bayan sujada, kowa da kularsa, a yi gashi da murhun gas na lambun in an yarda a kunna ranar.

Ɗan Jos:
Allah ya sa a yi lafiya Yaya. Ni dai ina nan kan bakata, in Allah ya ba ki hali wata shekara ki kawo tagwayen nan Jos a Disamba, su ji abin da nake faɗa a jikinsu, sannan a tambaye su.

Anti Mai Kwaya, Kafanchan:
Ranar Asabar kwamitin ado zai zauna, zan kai maganar zangarniya da ganyen dabino. Mai Shago, ka ajiye mini fitilu masu tsawo guda huɗu, banda auduga.

Mai Shagon Ado, Sabon Gari:
An gama Anti, zan ba direban Kafanchan ranar Alhamis. Zan haɗa da ƙaramar bishiya ɗaya kyauta, ki ajiye ta gefen zangarniyar ki ga wadda yaran za su fi kewayewa.